Taku Goma Sha Tara na Aulis Tolonen

Duk wanda ya bi hanyar bakin tafki da sassafe ya san hayaƙin gidan Aulis Tolonen ne ke fara tashi a ƙauyenmu. Ƙarfe shida ya ɗora gahawa, ya yanka baƙin burodi, ya leƙa ma'aunin sanyi da ke maƙale a jikin taga, sannan ya zaro guntun fensir daga bayan kunne ya rubuta abin da ya gani a kalandar bango. Daga nan sai ya fito tsakar gida. In hunturu ne ya zura yatsa cikin dusar ƙanƙara ya ji laushinta, in bazara ce ya tsaya ya saurari daji na ɗan lokaci. Ba ya gaggawa, ba ya kuma magana sai ta kama dole. Shekara arba'in muna maƙwabtaka, amma in an tara duk abin da ya taɓa faɗa mini ba na jin zai cika shafi goma.

Bana ya ajiye aiki. Gwiwoyinsa biyu sun ce sun gaji, likita kuma ya goyi bayansu. Shekararsa saba'in da shida, talatin da shida daga ciki shi ne mai ƙidayar namun daji na ƙungiyarmu ta mafarauta, ba albashi, ba lambar yabo, ko kuɗin man mota bai taɓa nema ba. Da aka ce a rubuta masa 'yan layuka a jaridar ƙauye, sai idanu suka juyo kaina, wai ni Raimo na fi kowa daɗewa ina tafiya a gefensa. Haka ne. Amma ni ne kuma na fi kowa cutar da shi. Akwai mutum ɗaya a ƙauyen nan, Eino Heikura, ƙanin matarsa Helvi kuma amininsa tun suna firamare, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya ba ya amsa gaisuwarsa, kuma bakina ne ya jawo. Ba zan iya yabon Aulis in tsallake wannan ba, don haka ku yi haƙuri da ni, 'yan layukan za su yi tsawo.

Hanyar ƙidayarmu tana bayan tudun arewa. Alwatika ce, kowane gefe kilomita huɗu, an shafa wa itatuwan kan layin jan fenti. Wanda ya zana ta a taswira bai taɓa taka wurin ba, wannan na tabbata, domin ta ratsa fadama biyu, ta haye dutse ba gaira ba dalili, ta kuma bi ta cikin wata sarƙaƙiya da ko kare sai ya yi tunani kafin ya shiga. Ba a kuwa kauce mata. A watan Fabrairu Aulis zai ɗaura katakan sulu na tafiya kan ƙanƙara ya zagaye ta kaf don ya shafe tsofaffin sawu, ya koma gida, washegari ya sake zagayowa ya ƙirga sababbin da suka tsallaka layin a kwana ɗaya: zomo nawa, yanyawa nawa, kurege nawa. A farkon Agusta kuma ƙidayar tsuntsaye ce, ita kuwa sai da mutum uku. Aulis a tsakiya da kamfas da takarda, ɗaya a damansa, ɗaya a hagunsa, mita ashirin tsakanin kowa da kowa. Tsuntsun da ya tashi a tsakaninmu, ko cikin mita goma a bayan na gefe, ya shiga takarda. Wanda ya tashi gaba da haka ba namu ba ne, ko da ya kai girman rago. Irin takardun nan daga ko'ina a ƙasar ake tarawa, masana su duba, a yanke ko kwana nawa za a buɗe farautar tsuntsaye a kakar shekarar.

Raina yana ɓaci in na ji 'yan birni suna cewa mu ba mu iya komai ba sai kisa. Kowane maharbi a ƙasar nan yana biyan kuɗin kula da namun daji duk shekara kafin a bar shi ya saɓa bindiga, na kuma karanta cewa a Amurka har harsashi akwai harajin da ake cira don dabbobin. Wata rana na tsaya a ɗakin taronmu ina ta wannan bayani da kumfar baki, ina jin kaina wani abu, har da buga tebur. Aulis ya bari na gama.

"Ka biya naka?" in ji shi.

"Tun watan jiya."

"Madalla. Wannan kuɗin ƙofa ne. Asabar ka zo da shebur, akwai lambatu uku da za mu toshe."

Tsofaffin lambatu ne da aka haƙa a da don a busar da daji, 'yan tsakin tsuntsayen daji suna faɗawa ciki su kasa fitowa. Mun wuni cikin laka da sauro, ni ina zagi, shi yana haƙa. Ban sake yin lacca a gabansa ba.

Abin da ya fi damunsa a dajin nan shi ne metso, ƙaton baƙin zakaran dajin nan mai jar gira, wanda in ya tashi a gabanka sai ka ji kamar an jefo buhu daga kan rufi. Filin da zakarun ke taruwa su yi rawar neman mata idan ƙanƙara ta fara narkewa yana kan tudu, cikin tsofaffin itatuwan Kerttu, wata gwauruwa da duk ƙauye ke shakkar bakinta. Shekarar da mai sayen katako ya zo mata da farashi mai kyau, Aulis ya je gidanta kwana uku a jere. Ya zauna, ya sha gahawa, ya gyara mata marfin ƙofa, bai ce komai ba. Ita da kanta take ba da labarin, ta kuma ba ni shi ya fi sau goma.

"Aulis, gahawata za ta ƙare," ta ce masa a rana ta uku. "In aurena ka zo nema, kana da mata. Me kake so?"

"Itatuwan kan tudu."

"Saya za ka yi? Da wane arziki?"

"Bari za ki yi."

"Ku ji mini mutum! In bar kuɗi a tsaye a daji don kaji su yi rawa?"

"Kin taɓa ganin rawar?"

Ba ta taɓa ba, shekara sittin tana da tudun. Ya tafi da ita da asuba, ta dawo safarta a jiƙe tana ta sababi, ta kira mai katakon ta ce ya yanka ko'ina amma ban da kan tudu. Sharaɗinta ɗaya, Aulis ya riƙa faskara mata itacen murhu har ta mutu. Yau shekararta tasa'in da ɗaya, ba ta kuma da niyyar mutuwa. Ko a kakar bara na gan shi a bayan gidanta da gatari, yana dafa gwiwa in ya sunkuya.

Kai ne wannan, Aulis na Helvi. Kai ne wanda ake kira in mota ta buge dabba a kan titi ta shige daji da rauni, ka bi sawun jini wuni guda don kada ta kwana tana wahala. Kai ne ka zagaye alwatika da zazzaɓi a jikinka shekarar da kowa ya ce a bari sai baɗi. Ban taɓa jin ka ce kana son daji ba, ko sau ɗaya, amma duk mun gani.

To, ga abin da ya faru shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Bazara biyu a jere aka yi sanyi da ruwa daidai lokacin ƙyanƙyasa, kuma bazara biyu a jere muka zagaye alwatika ba mu ta da metso ko ɗaya ba. Aulis ya riga ya faɗa cewa in aka sake samun sifiri a karo na uku, zai nemi ƙungiya ta hana harbin metso a filayenmu na shekara uku, ko da hukuma ta buɗe. Kowa ya san wanda wannan zai fi taɓawa. Eino yana da wata jar karya mai suna Pihla, wadda ba a taɓa yin irinta a yankin nan ba. In ta kai tsuntsu kan itace, za ta zauna a ƙasa tana haushi a hankali tana kaɗa wutsiya, tsuntsun ya shagala da kallonta har Eino ya lallaɓo. Shekararta tara a lokacin. Shekara uku ga karya mai shekara tara, ba sai an yi wa kowa bayani ba.

Ranar ƙidayar, ni ne a hagu, Eino a dama, kamar yadda muka saba. Mun yi gefe biyu ba komai. A gefe na uku, bayan fadama ta biyu, sai na ji fuka-fukai ta hagu da ni: uwar metso ce da 'ya'ya shida, suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Na gan su sarai, na kuma ga inda suka tashi, can gindin wani faɗaɗɗen itace, nesa da ni. Amma sai na ɗaga murya na ce, "Bakwai! A ƙafata suka tashi!"

Ƙa'ida ce na gefe ba ya barin wurinsa har a gama dubawa, don kada layi ya karkace. Eino ya tsaya can dama, kurmi ya tare shi, bai ga komai ba, ihuna kawai ya ji. Aulis ya taho wurina.

"Nuna mini."

Na nuna masa wani wuri kusa da takalmina. Ya duba ƙasa, ya wuce kai tsaye gindin faɗaɗɗen itacen. Nan ramin wankan ƙurarsu yake, da gashi, da kashi. Ya tsuguna ya taɓa kashin da bayan yatsa.

"Na jiya ne," na ce.

"Da ɗuminsa."

Ya miƙe ya tako zuwa inda nake yana ƙirgawa a fili. Mita goma taku goma sha uku ne a ƙafar Aulis, duk mun san wannan. Ya ƙirga goma sha tara. Ya rubuta a gefen takarda cewa an ga bakwai a wajen layi, a gurbin ƙidaya kuma ya zana sifiri, ya koma tsakiya ya ɗaga hannu mu ci gaba.

Kada wani ya ce don tausayin Eino na yi. Na daɗe ina gaya wa kaina haka, ƙarya ce ita ma. Na sayi sabuwar bindiga a watan Mayu, ina ɗokin gwada ta, shi ke nan. Da maganar ta tsaya a daji, da ba wani abu ba ne. Amma a hanyar komawa Aulis ya shiga motarsa shi kaɗai, ni da Eino muka shiga tawa, Eino ya tambaye ni, na kuma maimaita masa cewa a ƙafata suka tashi. Kunyar janyewa ta hana ni.

An yi taron ƙungiya ranar Lahadi da rana. Aulis ya miƙe ya karanta sifirinsa uku, ya nemi a rufe, ya zauna. Duka bai kai minti biyu ba. Sai Eino ya tashi, fuskarsa ja wur.

"Sifiri? Ni na ji tashinsu da kunnena. Raimo, kai ne a gefen. Faɗa wa mutane, ciki suka tashi ko waje?"

Mutum ashirin da huɗu suka juyo suna kallona. Aulis kaɗai ne bai juyo ba, yana kallon kofinsa.

"Ciki," na ce.

"Kun ji!" Eino ya buga tebur. "To kai tsoho, ina ka kai su?"

"Na rubuta abin da na taka," in ji Aulis.

"Ka taka! Ƙafarka ce ma'aunin gwamnati? Shekara hamsin ina ce maka ɗan'uwa, ashe ɓarawon kaji nake zama da shi. Ka sace su daga takarda don ka samu abin da kake so. Kana kallon karyar nan tun tana cikin hulata, Aulis. Kai ka zaɓa mini ita!"

Na jira Aulis ya ce ƙarya nake. Allah ya sani, har na fara shirya abin da zan kare kaina da shi. Bai ce ba. Aka ɗaga hannu, sha huɗu da sha biyu, rufewa ta yi nasara, domin ko waɗanda suka yarda da ni sun san dajin ya yi shiru. Eino ya ɗauki hularsa ya fita, ya bar ƙofa a buɗe.

Shekara ukun rufewar ta zama biyar. Eino ya taɓa yanko takardar izini ya kai Pihla wani dajin gwamnati mai nisa, amma ba dajinta ba ne, ta yi ta waiwayen mota. A shekara ta uku ta mutu a kan bargonta. Shi kuwa Eino, in ya hango motar Aulis a hanya sai ya kau da kai ya kalli tafki. A kanti in Aulis ya ce masa sannu, sai ya tsaya karanta bayan gwangwani. Helvi, matar Aulis kuma yayar Eino, ta yi ta kai-kawo tsakanin gidajen biyu da burodi a kwando, tana ce wa wannan jaki, tana ce wa wancan jaki, ba wanda ya motsa. Shekara huɗu ke nan da ta rasu. Su biyun ne suka ɗauki gaban akwatin daga coci zuwa kabari, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kafaɗunsu ƙarƙashin katako ɗaya, ba wanda ya dubi wani. Ni ina baya ina riƙe da nawa ɓangaren. Ranar na yi kuka, mutane suka ɗauka duk don Helvi ne.

Duk shekarun nan Aulis bai fasa Agusta ko ɗaya ba, ni ma ban fasa ba, ina hagu kamar kullum, dama kuma duk wanda aka samu. Bai taɓa tayar mini da maganar ba. In tsuntsu ya tashi ta gefena sai ya tambaye ni, in faɗa, ya rubuta ba tare da ya zo dubawa ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Sannu a hankali lambobin suka fara tashi, biyu, huɗu, tara, bana goma sha ɗaya. In ka ce masa aikinsa ne sai ya girgiza kai ya ce an yi bazara mai ɗumi, dajin ne ya yi abinsa. An buɗe harbi tuni, matasa suna dawowa da metso a jaka suna ɗaukar hoto. Shi bai sake harbin ko ɗaya ba, ban kuma tambaye shi dalili ba.

Watan jiya na je gidansa da littafin rubutu, wai in tattara bayanai don wannan yabo. Ya zuba mini gahawa. Na tambaye shi shekarar da ya fara, ya faɗa. Na tambaye shi sanyi mafi tsanani da ya taɓa fita a ciki, ya tashi ya duba tsohuwar kalanda. Sai na ga hoton Helvi a kan firji, na ajiye biro.

"Ka san ƙarya na yi ranar nan."

"Na sani. Ni na taka."

"To don me ba ka tona ni ba? Kalma ɗaya za ka faɗa a taron nan."

Ya daɗe yana juya cokali a kofi.

"Da na ce maka maƙaryaci a gaban mutane, za ka zo Agusta mai zuwa?"

"A'a."

"To. Sahun na mutum uku ne. Na ga na dama ya riga ya ɗauki hula. In na rasa na hagu ma, alwatika ta mutu, lambobin shekara ashirin da biyar sun zama takardar kunna murhu."

"Ai da ka tona ni da Eino bai tafi ba."

"Da ya tafi. Karyar ce a ransa. Na ɗauka zai huce kafin ƙanƙara ta sauka." Ya ajiye cokalin. "Nan na yi kuskure."

"Daga baya fa? Shekara goma sha ɗaya, Aulis! Ba ka iya zuwa ka gaya masa?"

"Na gaya masa sau ɗaya, a taro. Sauran ba maganata ba ce. Taka ce."

Na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba. Wane irin mutum ne zai zauna yana jiran matsoraci ya yi zuciya, matarsa tana tsufa tsakanin gida biyu? Taurin kai ne, kuma Helvi ta biya shi tare da shi. Amma haushin bai kai ni ko bakin mota ba, domin na san wanda ake jira ɗin.

Ban koma gida ba, na wuce gidan Eino. Na same shi a bayan rumbu yana faskare. Ni dai bai taɓa daina yi mini fara'a ba duk shekarun nan, a wurinsa ni ne mutumin da ya faɗi gaskiya.

"A'a, Raimo! Shigo, akwai kifi. Ko ka zo aron tirela ne kamar kullum?"

"Waje suka tashi, Eino."

"Su wa?"

"Bakwai ɗin nan. Uwa da 'ya'ya shida. Ba a ƙafata suka tashi ba. Taku goma sha tara ne, ina tsaye ya ƙirga. Kashin ma da ɗuminsa."

Ya tsaya da gatari a hannu. Na ga yana neman dariya a fuskata, bai samu ba.

"Sake faɗa."

Na sake faɗa. Ya kafa gatarin a kan kututture a hankali, ya cire safar hannu ɗaya, ya cire ɗayar.

"Yayata ta roƙe ni a gadon asibiti," ya ce. "Ta riƙe mini hannu ta ce in shiga gidan nan ko sau ɗaya. Na ce mata ba na shiga gidan ɓarawo. Abin da na ce mata ke nan, Raimo. Kwana biyu kafin ta tafi."

Ya nuna mini hanya da hannu.

"Fita mini daga gida."

Washegari da safe na bi hanyar bakin tafki, na ga shuɗiyar motar Eino a tsakar gidan Aulis. Ban tsaya ba. Abin da suka ce wa juna ban sani ba, ba na kuma jin zan taɓa sani. Kerttu, wadda tagarta ke kallon tasu kuma ba ta jin kunyar amfani da ita, ta ce sun yi awa biyu a teburin kicin, sau uku kawai ta ga bakin wani ya motsa. Ta ce ranar Asabar an hura sauna, ɗakin wankan tururi, a gidan Aulis, da yamma kuma tawul biyu ta gani a kan igiya.

Yanzu ga roƙona ga sauran 'yan ƙungiya, musamman ku masu sababbin bindigogi da karnuka masu tsada. Metson da kuke ɗaukar hoto da shi, wani ne ya zana sifiri a takarda ranar da bakwai ta fi sauƙin rubutawa. A taron da ya wuce, da aka tambayi wanda zai karɓi kamfas da fensir, kowa ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Na ji kunya a madadinmu. Kwana uku ne kacal a shekara, biyu a Fabrairu, ɗaya a Agusta. Aulis ya ce zai zauna da duk wanda ya zo ya nuna masa inda layin ya ratsa fadama, da inda fentin ya goge. Ku je tun yana iya nunawa. In kun riƙe takardar kuma, ku rubuta abin da kuka taka, ko da abokinku yana tsaye yana kallonku.

Kai kuma Aulis, mun gode. Na san za ka karanta wannan ka ce an ɓata takarda, ka yage shafin ka kunna murhu da shi, ba komai. Mun gode da shekara talatin da shida na gwiwoyinka. Mun gode da tudun Kerttu da har yanzu yake tsaye. Ni kuma na gode da ka bar ni a hagunka alhali ka san ko ni wane ne, ko da yake har yau ban tabbata alheri ka yi mini ko hukunci ba. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka ji rawar kan tudu shekaru masu yawa, ko daga cikin mota ne.

Eino ba ya amsa gaisuwata yanzu. Jiya na same su su biyu a kanti suna gardama kan wace igiyar kamun kifi ce ta fi ƙarfi, na ce sannunku. Aulis ya ɗaga mini kai. Eino ya juya ya tsaya karanta bayan kwalin madara har na biya na fita. In kun ga haka kada kowa ya sa baki, kada kuma a je ba shi haƙuri a madadina. Zan ci gaba da gaishe shi duk inda muka haɗu. Aulis ya jira shekara goma sha ɗaya ba tare da ya yi laifin komai ba, ni da na yi sai in jira iyakar abin da Eino ya ga dama.